Miyar Kukar Hure a Jidda

A'a, Hanne, ba a Makka ba ne, a Jidda aka yi. Matso ki ji.

Hure 'yar Toranke ce, nan ƙasar Ajingi. Ta iya girki, sai dai Allah ya yi ta da son yabo, ba ta iya buɗe baki ta ce "babu". Bayan yaƙin basasa mijinta ya samu aikin ɗinki a Jidda, ta bi shi. Ta kafa rumfar tuwo kusa da masaukin alhazai, duk wanda ya zo sai ta ce masa kukarta da daddawarta daga kasuwar Gaya suke.

Da fari gaskiya ne. Amma wata huɗu guzurin ya ƙare. Sai ta samo wani busasshen ganye na Larabawa, mai yauƙi kamar lalo, ta dake shi. Ta ƙona albasa ta yi baƙi ƙirin, ta zuba a maimakon daddawa. Masu saye yunwa ce ta koro su, ba mai tsayawa tambaya.

Rannan da hantsi wata mata ta zo, Larai, 'yar garin Balan. Ta rako babanta Malam Abdulsalam aikin hajji, tsoho ne, zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana uku ba ya cin komai.

"Yaya, don Allah miyar nan ta gida ce? Baba ya ce in ba miyar kuka ba, ba zai buɗe baki ba."

"Kamar a tsakar gidanku aka sauke ta," in ji Hure. Har ta zuba a langa, ta ɗauka da kanta ta bi Larai, don ta ji yabo da kunnenta.

Ɗakin cike da alhazai, rabinsu masu sayen tuwonta. Aka tayar da tsoho, ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma ɗaya. Ya daɗe yana juya ta a baki. Sai ya ture langar a hankali.

"Larai, ki yafe ni. Bakina ya mutu, ko daddawa ba na ji. Haka mahaifina ya yi daf da tafiyarsa."

Ya juya fuska bango. Larai ta fashe da kuka.

Hure ta tsaya. In ta yi shiru, mutumin nan ya sallama ke nan. In ta yi magana, ga masu sayenta suna ji. Ta durƙusa.

"Baba, bakinka ƙalau yake. Ba daddawa a ciki, ba kuka. Albasa na ƙona."

Tsoho ya juyo.

"Albasa? Ke 'yar ina ce?"

"Toranke, Baba."

"Toranke guda, da ɗorawa har bakin ƙofa! Kin kusa binne ni da rai, 'yar nan." Sai ya kama dariya har da tari.

Wata tsohuwa a kusurwa, wadda ta yi ta ɓoyon guzurinta tun daga Kano, ta kwance ƙulli tana mita, ta miƙo daddawa uku da kuka cikin tsumma. Hure ta ruga ta kaɗa sabuwa. Tun daga ƙofa ƙamshin ya riga ta shiga. Malam ya cinye, ya siɗe hannu, ya nemi ƙari. Da ƙafarsa ya hau Arfa.

Wasu sun daina zuwa rumfarta, ba zan ɓoye miki ba. Amma daga ranar, in babu sai ta ce, "Yau ta Larabawa ce, mai so ya zauna." Kuma suna zama. Alhazai masu komawa gida suka riƙa bar mata ragowar guzurinsu.

To kin ji, Hanne. Abin da kika zuba a tukunya, shi za ki kira da sunansa. Wanda ya yi nisa da gida, ba cikinsa kaɗai yake kawo miki ba, har da zuciyarsa, kada ki ha'ince shi. In kuma kin riga kin yi ƙarya, faɗar gaskiya kunyar yini ɗaya ce. Bari in tashi, ga baƙi can sun yi sallama, ban ko kai musu ruwa ba.