Hannuwan Yaya Asiatu da Jaririn Salaga

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nufe ni da zama a gaban Shehinmu, malaminmu, al-alimul wari'u, mai tsentseni da yawan azumi, wanda ɗalibai suke zuwa wurinsa a Salaga daga Gushegu da Kete Krachi domin fiƙihu da tafsiri, su koma da abin da ya fi karatu, wato natsuwa. Allah Ya ƙara masa yarda. Ba na ambaton sunansa domin shi kansa ya hana. Ni Wadud, mai fataucin doya a Yendi, zan faɗi abin da idona ya gani game da yayata.

Yayata Asiatu tana aure a Bawku, kuma ita ce take yi wa matan unguwarsu wankan gawa tun tana da ƙuruciyarta. Ba ta taɓa ƙin kira ba. Sai shekarun rashin kwanciyar hankali suka zo wa garin, ga cututtuka, kira ya yawaita, har ya zamana ta wanke matan da suka yi wasan ƙasa tare, ta wanke 'ya'yan da aka haifa a gabanta. Ta ƙarshe da ta wanke ita ce ƙanwarmu. Daga ranar hannuwanta suka kama rawa, ko kofin shayi ba ta iya riƙewa. An kai ta asibiti, suka duba, suka ba ta magani, suka ce ta huta. Na ɗauko ta zuwa gidana a Yendi.

Abin da ya fi tsorata ni ba rawar hannun ba ne. Ba ta kuka, ba ta dariya, ba ta faɗa. Matata takan dama mata koko, ta soya ƙosai, ta ci kaɗan ta ce duk ɗaya ne da ƙasa a bakinta. Wata rana bayan la'asar ta ce mini: "Wadud, ina salla, amma ban san me zan roƙa ba. Cikina ya zama kamar ɗakin da aka kwashe kaya."

Sai na sa ta a lori muka bi ta Bimbilla zuwa Salaga.

Mun sami Malam, Allah Ya tsawaita kwanansa cikin ɗa'a, da hantsi, a kan buzunsa a zaure, domin ciwon ƙafa ya daɗe da hana shi fita ko ƙofar gida. Na durƙusa na yi bayani, ina tsammanin zai yi mata doguwar nasiha a kan haƙuri. Bai yi ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce cikin muryarsa mai sanyi: "Baiwar Allah, kin gaji. Gajiya ba saɓo ba ce."

Yaya ta ɗago kai ta dube shi, abin da ba ta yi wa kowa ba tun zuwanta Yendi. Ya tambaye ta ko akwai abin da ya rage da take jin daɗinsa, komai ƙanƙantarsa. Ta ce: "Sai dai ruwan ɗumi, Malam, idan na zuba a hannuna lokacin alwala."

"Wannan ma arziki ne," in ji shi. "Mu fara da shi."

Sai ya juyo gare ni ya ce in kai ta gidan da ke bayan tsohuwar rijiya, mai shuɗiyar ƙofa, a can ana bukatar ruwan ɗumi da wadda ta iya riƙe jiki a hankali. Ya ƙara da cewa ta tafi da sabon zanen da ke cikin jakarta, domin ba su da abin naɗewa. Ni ban san da zanen ba. Yaya ta buɗe jaka a gabanmu, ga shi a ƙasan kaya, wanda ta saya wa ƙanwarmu ba ta samu ta ba ta ba.

Muka tafi. Matar gidan, Salimatu, baƙuwa ce, ita da mijinta ba su daɗe da kama hayar ɗakin ba, shi kuma ya tafi fataucin shanu. Ta haihu a asibiti jiya, an sallame ta, ta dawo ba uwa ba ƙanwa, ga jaririn ya ƙi kama nono, sai wani siririn kuka. Ni na tsaya a waje na hura gawayi na ɗora ruwa. Ina jin Yaya a ciki tana cewa: "'Yata, hannuna rawa yake yi, ina tsoron in kayar miki da shi." Salimatu ta ce: "Mma, ni ma tsoro nake ji. Ki taimake ni."

Na miƙa baho ta bakin ƙofa, na ga lokacin da Yaya ta tsoma hannuwanta a ruwan ta yi bismilla. Wallahi, rawar nan ta tsaya cak, a gaban idona. Ta karɓi yaron ta ɗora a cinyarta, ta wanke kansa, ta bi bayan kunnuwansa da tsakanin 'yan yatsunsa da irin tausayin da ta saba yi wa waɗanda ba sa motsi. Shi kuwa ya harba ƙafa ya fantsama mata ruwa a fuska, ya yi atishawa. Ta naɗe shi a zanen ta miƙa wa uwarsa, nan take ya kama nono.

Sai na ji kukan Yaya. Ta daɗe tana yi, ba wanda ya ce ta yi shiru. Da ta fito ta share fuska ta ce mini: "Wannan ya yi motsi, Wadud." Can kuma ta ce yunwa take ji.

Na tambayi Salimatu wa ta aika wurin Malam. Ta ce ita ba ta san shi ba, ba ta kuma faɗa wa kowa halin da take ciki ba. Da na koma wurin Malam na so in yi maganar, ya ɗaga hannu ya ce: "Allah ne Ya haɗa masu bukata biyu. Kada ku matsa wa yayarku. Abin da ya ɗauki shekaru yana zuba, ba ya cika a yini ɗaya."

Haka kuwa aka yi. Yaya ta zauna a Salaga har bayan suna, tana yi wa mai jego da jariri wanka safe da yamma. Akwai ranakun da nauyin zuciyar yake dawo mata, ta wuni ba magana, amma takan ce rannan ta ji daɗin inuwar darbejiya, rannan kuma barkonon miya ya yi mata. Da damina ta tsaya ta koma Bawku da kanta. Ta koya wa wasu mata biyu wankan gawa domin kada ya zama ita kaɗai, kuma yanzu idan an buga mata ƙofa takan tambaya: "Rasuwa ce ko haihuwa?" domin duka biyun ana kiranta.

Tsarki ya tabbata ga Wanda yake sanar da bayinsa salihai abin da Ya so. Ya Allah, Ka saka wa Shehinmu da mafificin alheri, Ka ba shi lafiyar ƙafafunsa, Ka sanya mu cikin albarkarsa, Ka saukar da salama a Bawku, kuma duk wanda ya gaji har ya rasa abin da zai roƙa, Ka ba shi ba tare da ya roƙa ba. Amin.