Wayar da Aka Kama a Zangon Kakanni

Jama'a, na dawo Kaduna na tarar an faɗaɗa titin unguwarmu, mai shayin bakin layi ya koma cajin waya, yaran da na bari da gajeren wando har sun fara gemu. Amma labarin da ya tsaya mini a rai na wani ne da muka dawo mota ɗaya daga Fatakwal.

Sunansa Tukur, ɗan Badarawa. Kafin ya tafi neman kuɗi, shi da abokinsa Gideon suka kafa ƙungiyar Zangon Kakanni. Duk shekara sukan fita bayan Malali su kafa bukkoki, su yi zaman mutanen dā: saƙi, ƙira, girki a tukunyar ƙasa, kunna wuta da ƙyastu. Tukur ne ya kafa babbar dokarsu. Kowa zai sa wayarsa cikin tulu a liƙe bakin da laka sai ranar tashi, wanda aka kama da waya kuma a kore shi.

Da ya dawo, ya tarar 'yan tsirarun nan sun zama ɗaruruwa. Gideon ne Sarkin Zango, sanye da sulken da ya ƙera da hannunsa. Ko'ina Gideon, Gideon. Wata yarinya ma ta tambayi Tukur ko wannan ne zuwansa na farko. A gida kuma mahaifiyarsa Dije ba ta da hira sai ta Gideon. Abin ya riƙa cin Tukur.

Ana tsakiyar zango sai ya hango Gideon a bayan bukka yana duba waya. Bai yi wata-wata ba ya tara jama'a.

Gideon ya ce a hankali, "Tukur, zo gefe mu yi magana."

"Faɗe ta nan, ranka ya daɗe. Ko dokar ta talakawa ce kawai?"

Gideon ya dube shi, ya cire sulken ya ajiye, ya fita. Aka naɗa Tukur Sarkin Zango. Umarninsa na farko ga masu tsaron ƙofa shi ne kada korarre ya shigo, kada a karɓi saƙonsa.

Washegari Gideon ya dawo a kan acaɓa yana roƙon a kira masa Tukur. Masu tsaro suka gicciya masunsu a ƙofa. Ya ce maganar mahaifiyar Tukur ce. Da aka gaya wa Tukur, ya yi dariya ya ce dabara ce, sarautar yake so.

Ranar tashi aka fasa tulu. Tukur ya kunna waya, kiran ƙanwarsa Samira ya cika ta. Da ya kira ta, ta ce mahaifiyarsu ta suma, tana asibiti.

Ashe Dije ta daɗe da ciwon zuciya. Ta hana a gaya wa Tukur don kada hankalinsa ya tashi a baƙon wuri. Gideon ne ke kai ta asibiti duk shekarun nan, wayar kuma saboda ita ya ɓoye.

Tukur ya isa asibiti da rawani a kansa. Nas ta tare shi ta ce dangi kawai ke shiga, ɗanta kuma yana ciki.

Gideon ne ya leƙo ya ce, "Sista, bar shi. Shi ne ɗan nata."

Dije ta farfaɗo. Ta kalli rawanin ta ce, "An ce sarauta ka samu. Allah ya sanya alheri." Sannan ta miƙa wa Gideon hannu ya gyara mata filo.

Ni jibi zan koma Fatakwal, jakata na nan a buɗe kan gado. Tukur kuwa ya mayar da tikitinsa, ya fasa komawa.

Darasi: Kafin ka yi hassadar wanda ya zauna a gurbinka, ka bincika nauyin da ya ɗaukar maka lokacin da ba ka nan. Ku tura wa wani da ya daɗe bai leƙa gida ba.