Ƙoƙon Kwakwar da Ba Wanda Ya Iya Karantawa

Mijina Sakiusa ba shi da kabari. Sunana Litiana, kuma ga yadda aka yi.

Akwai wani tsoho a tsibirinmu na Kadavu, Baba Peniasi, surukina. Kwalekwale huɗu masu inji gare shi, suna kai gwaza da kifi tsibiran kusa. A bakin ruwa akwai wani mangwaro. Duk matuƙin da zai fita sai ya rataye ƙoƙon kwakwa mai alamarsa a jikin bishiyar, in ya dawo ya cire.

Baba bai taɓa rubuta dokar nan ba, bai kuma yi mana bayaninta ba. In an tambaye shi sai ya nuna kansa ya ce, "Littafina yana nan."

Ranar da ya rasu, aka binne shi da littafinsa.

Babban ɗansa Waisale ya dawo daga Suva, babban birninmu, ya karɓi aikin. Ya sallami tsofaffin matuƙa, ya kawo nasa daga birni. Da ya ga ƙoƙuna a bishiya sai ya tuntsire da dariya.

"Sakiusa, ashe boka ka zama ban sani ba? Ran Lahadi kana coci, ran Litinin kana yi wa mangwaro sadaka?"

"Yaya, bari in gaya maka amfaninsa..."

"Riƙe kayanka, ɗan Baba."

Ya sa aka tattara ƙoƙunan aka ƙone. Mijina ya ɓoye nasa.

Wata Talata da safe Sakiusa ya fita da kwalekwale shi kaɗai. Bai dawo ba. Waisale ya ce, "Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Yana gabas wajen 'yar uwarmu, ya samu kava, abin shan nan namu mai kashe jiki, ya manta da ke."

Kwana biyu muka zauna. A na uku aka fara nema, gabas aka nufa.

Ni kuwa kullum ina ƙarƙashin mangwaron ina duban teku. A nan na ga ƙoƙonsa rataye a reshe. Da tsakar rana, ganye ko motsi ba ya yi, amma ƙoƙon yana bugun reshen, ƙwas, ƙwas, kamar mai neman a buɗe masa ƙofa. Na taɓa shi na ji a jiƙe. Na lasa yatsana, gishiri.

Na kira Waisale. Ya ja da baya ya ce, "Kin gani ko? Tsafi ne. Kada ki sake taɓawa."

A rana ta tara Kawu Tevita, ɗaya daga matuƙan da aka sallama, ya zo daga ƙauyensu yi mana jaje. Yana ɗaga kai ya tsaya cak.

"Wa ya tafi yamma bai dawo ba?"

Ya nuna mana rassan mangwaron.

"Reshen nan na yamma ne, wancan na gabas. In la'asar ta yi ƙoƙo yana rataye, Peniasi jirgi yake turawa ta wannan ɓangaren. Ku ina kuka nema?"

Waisale ya durƙushe a kan yashi.

A yamma aka samu kwalekwalen, injin a mace, jarkar ruwa a bushe, Sakiusa ba ya ciki. A gefensa an karta layi shida da wuƙa. Kwana shida yana jiranmu.

Tun ranar ƙoƙon bai sake motsi ba.

Yanzu akwai allo a bakin ruwa. Waisale ne ya rubuta da hannunsa: wanda ya fita, inda ya nufa, lokacin da za a bi shi, da wanda zai bi.

Darasi: Dokar aikin da ke kan mutum ɗaya, tare da shi ake binne ta. Ku rubuta tsarinku da dalilinsa tun kuna da rai, ku saurari wanda ya riga ku a aiki. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani.

Allah Ka ji ƙan Sakiusa a inda ruwa ya ajiye shi, Ka dawo da duk wanda ya fita nema gida lafiya. Ku taya ni da amin.