Benen Unguwar Marina

A zamanin da, a wani birni mai ganuwa, an yi wani sarki da ya gaji doka daga kakanninsa, cewa kada kowa ya ɗaga gini har ya hango tsakar gidan maƙwabcinsa. Ana nan sai ambaliya ta cinye ƙauyukan bakin kogi, jama'a suka kwararo birni, zauruka suka cika, wasu suna kwana a rumfunan kasuwa. Sai Waziri ya shiga ya fita, ya samo wa amininsa Madugu Tankari sassauci, aka yarje masa ya gina bene hawa uku a wani kango da ke tsakiyar Unguwar Marina, don ya saukar da baƙin a ciki.

Mai unguwar, wani dattijo da ake kira Barmo, bai ƙara cin tuwonsa da ɗumi ba. Da ya zauna sai sallama. Tsalha marini ya ce inuwar benen za ta hana shanyarsa bushewa. Gwaggo Dije ta ce ita da jikokinta ba za su yi wanka a idon baƙi ba, ga rijiya ɗaya tal, ga lungu ko jaki biyu ba sa giftawa.

Barmo ya ce, "Na ji. To su bayin Allahn nan, ina za su sa haƙarƙarinsu?"

Tsalha ya ce, "Ai Unguwar Maƙera da fili."

Barmo ya san jiya maƙera suka ce a kai su Marina. Ya haɗiye takaicinsa, ya ɗauki sanda ya nufi fada. Waziri ya tare shi a soron farko, ya ce, "An riga an zartar, Mai unguwa. Birni ya cika, dole doka ta rusuna."

"Ga kowa, ranka ya daɗe?"

"Ga duk mai niyyar saukar da baƙi."

Barmo ya yi godiya ya fita. To, ashe yana da wani kango na gado jingine da katangar gidan Waziri. Kashegari ya sa aka fara jibge tubali da azara a wurin, ya kafa wata doguwar gora, yana gaya wa duk mai wucewa iyakar tsawon benensa ke nan. Kafin azahar Waziri ya faɗi gaban Sarki, rawani a karkace, yana kawo dokar kakanni daki-daki.

Sarki ya sa aka kira Barmo da mutanensa da Madugu, ya saurari kowa har ya ƙare. Sannan ya ce, "Waziri, iyalinka ba su fi jikokin Dije sutura ba. Ku kuma mutanen Marina, kun zo mini da rijiya da inuwa, ban ji wanda ya ambaci masu kwana a kasuwa ba. Madugu zai tsaya a hawa biyu, tagoginsa su dubi hanya, ya haƙa rijiya, ya ja da baya daga mashanyar marina. Wannan ita ce doka a kowace unguwa daga yau. Barmo, kai ma haka za ka gina naka."

Barmo ya dafa ƙasa. "Allah ya ba ka nasara, ni fa tsoratarwa kawai na yi."

Sarki ya ce, "Tubalin na gaske ne, baƙin ma na gaske ne. Waziri zai ba ka magina, kafin damina baƙi su tare a ciki."

Haka kuwa aka yi. Rumfunan kasuwa suka koma hannun masu su, Waziri ya yi sababbin maƙwabta masunta, masu shanya kifi a bayan katangarsa. Ranar da Barmo ya gama yaɓe, ya dawo gida ƙugu na ciwo, sai ya tarar da Tsalha a zaure yana jiransa. Wai ruwan sabuwar rijiyar ya fi na tsohuwar daɗi, matan unguwa duk sun koma can, layi ya hana shi ɗiba.

Barmo ya dube shi, sannan ya shige cikin gida ya ce a gaya wa kowa ya yi tafiya.