Kujerar Malama Asabe

Tun da yayana Malam Tanimu ya rasu, sakandaren garinmu ta rasa malamin da zai koyar da lissafi da safe, da yamma ya riƙe zarto. Hukuma ta ce ko a tura malami kwas ya koyi haɗa karatu da sana'a, ko a rufe ɗakin kafinta. Malama Asabe mai lissafi ta ce za ta je, ita da ko ƙusa ba ta taɓa bugawa ba.

Shugaban makaranta ya ce ba zai sake ta ba sai an sami mai riƙe azuzuwanta. Malam Haladu, malamin Hausa, ya ce ya ɗauka. Zango guda yana karanta darasi yau, ya koyar gobe, yara na gyara masa ana dariya, amma aji bai taɓa zama babu malami ba.

A kwas an koya wa Asabe tsara darasi, hannu kuwa ya ƙi. Duk ƙarshen mako sai ta tafi rumfar Baba Nomau kafinta. Kujerarta ta farko, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. Ya zauna a kai, sai ga shi a ƙasa.

"'Yata, wannan ta baƙi ce, don kada su daɗe!"

Bai sallame ta ba sai da yankanta ya miƙe.

Ranar jarrabawa masu dubawa suka zo makaranta. Za ta koyar da awo, ɗalibai su haɗa kujera a gabansu. Aka buɗe ɗakin, ashe rufi ya yi yoyo duk damina, zartuna sun yi tsatsa. Labari ya kai wa Inna Kande, matar marigayin. Akwatin kayan aikinsa, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa ba tun rasuwarsa, shi ta ɗauko a ka har makaranta.

"Ungo," ta ce wa Asabe. "Ba don ajiya ya saye su ba."

Kujera ta tsaya daram. Babban mai dubawa ya zauna, ya jijjiga ta, ya ce a ci gaba da aiki. Mata suka rangaɗa guɗa. Allah ya jiƙan Malam Tanimu, ku taya ni da amin.

Yanzu Asabe na son ba da kujerar nan tukuici, kuma guda ɗaya ce tak. To, jama'a, Malam Haladu, Baba Nomau ko Inna Kande, ƙofar wa za ta kai ta?