Shayin Ɗaci da Idon 'Yar Ka-lok

Akwai wani mai gasa agwagwa a layinmu na Foshan, can ƙasar Sin, sunansa Ka-lok. Yaron kirki ne, 'ya'yana, sai dai taurin kai.

Tun kafin ya yi aure wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa ke fito masa a gaba. Su yi zafi, su fashe, su bushe, a jima su dawo. Mahaifiyarsa kaɗai ya taɓa gaya wa, ita ma a dunƙule.

Ta ce, "Zafi ne ya yi maka yawa. Kullum kana bakin wuta kana cin fatar agwagwa, me kake jira?"

Ta dafa masa baƙin shayin ɗacin nan da muke sha in jiki ya ɗau zafi. Ƙuraje suka bushe, yadda dama za su bushe ko bai sha komai ba. Shayi ya kwashe yabo.

Matarsa Suk-yin na da tsohon ciki ƙurajen suka sake fitowa. Ta ce, "Maigida, ka daure ka je asibiti mana."

Ya yi dariya. "In kwance wando gaban likita a kan ƙurji? Ke dai zubo min shayi. Mama ta fi su sani."

Bai je ba, bai kuma ƙaurace wa shimfiɗar matarsa ba.

Ana gab da haihuwa ita ma suka feso mata, har da zazzaɓi. Aka ɗura mata shayi. Kafin naƙuda sun bushe, kunya kuma ta hana ta faɗa wa ungozoma.

Ta haifi mace. Ko jan ƙwan da muke rabawa in jariri ya cika wata ɗaya ba a dafa ba, jaririya ta ƙi nono, ƙuraje a ka, ido a kumbure.

Aka kai ta asibiti, likita ta gogi ruwan ƙurjin aka gwada. Ta ce, "Cutar herpes ce. Ta saduwa ake ɗauka, jariri kuma wajen fitowa. Wa ke da ƙuraje a cikinku?"

Ka-lok ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Na ɗauka zafi ne."

Likita ta ce, "Da ka zo suna ɗanye, gwajin nan kawai za mu yi maka. Ba ta barin jiki, amma akwai maganin da ke danne ta. Da sai ka yi nesa da matarka har ta sauka. Ita kuma da ta faɗa, da aiki za mu yi mu ciro 'yar."

Yarinya ta rayu, amma idonta na hagu ba ya gani. Yanzu ta yi wayo, tana zama a shagon ubanta. In uban zai miƙa mata cinyar agwagwa, sai ya zagayo ta dama don ta ga hannunsa. Kullum na gani sai na kau da kai.

Darasi: Ƙurji a gaba ba na shayi ba ne. A kai wa likita tun yana ɗanye, a dakatar da saduwa, a yi amfani da kwaroron roba, mai ciki kuma kada ta ɓoye komai. Ku tura wa wanda kunya ke hana shi zuwa asibiti.