Wanda Ya Binne Uwarsa a Takarda

An yi wani mutum a nan Gombe, ɗan unguwar Dawaki. Ba zan faɗi sunansa ba, don shi ma da kansa ya yar da shi.

Shi kaɗai Allah ya raya wa mahaifiyarsa, Dada Asta. Ya tafi Turai neman arziki. Can abokai suka ce masa ɗan Najeriya ba ya samun izinin zama da sauƙi. Sai ya ƙone koren fasfonsa, ya sake suna. Ya tsaya gaban hukuma ya rantse cewa daga wata ƙasa da ake yaƙi ya gudo, uwarsa ta mutu, da hannunsa ya binne ta.

Bayan shekara tara suka ba shi jan fasfo, ya zama ɗan ƙasa. Don murna har ya tura wa Dada hoton fasfon ta waya. Amma ya kasa zuwa gida, yana tsoron hukumar can ta tambaye shi wa ya sani a Gombe.

Duk Juma'a sai ya kira ta.

"Ɗan nan, yaushe za ka zo? Mangwaron da ka dasa ya wuce katanga."

"Dada, dokarsu ce ta hana ni fita."

In ya kashe wayar sai tunanin gida ya taso masa. Yana tuna ƙamshin ƙasa a ruwan farko, da kindirmon garin Kwadon, da yadda take shafa masa kai in zai fita. Wane fasfo ne zai ba mutum wannan?

Ita kuwa ta yarda da maganarsa. Ta je wajen maƙwabcinta Malam Desmond, tsohon malamin makaranta.

"Malam, rubuta wa ofishin jakadancinsu. Ka ce tsohuwa ce ke roƙo. Su ara min shi ko na sati biyu ne."

Ta haɗa da hoton fasfon, da nata hoton, da takardar mai unguwa mai shaida cewa ita ta haife shi.

Wata rana hukumar can ta kira shi. Aka ajiye hoton Dada a gabansa, aka ce, "Wace ce wannan?" Ya ga ta ɗaura zanen Sallarta don a ɗauke ta. Ya ga yadda ta rame. Ya so ya sake ƙarya, bakinsa ya ƙi.

"Dada ce."

Suka karɓe fasfon, domin da ƙarya aka same shi. Suka tsare shi. Na gida kuma ya riga ya zama toka. Wata bakwai ana binciken ko shi ɗan ina ne, kafin a dawo da shi Najeriya.

Ranar da ya iso Dawaki, Dada ta riga ta rasu. Malam Desmond ne ya raka shi maƙabarta. A hanya Malam ya ce, "Wasiƙar ta isa kuwa? Kullum sai ta leƙo ta tambaye ni."

Ya 'yan uwa, neman zama a wata ƙasa ba laifi ba ne. Laifin shi ne rantsuwa a kan ƙarya, da musun wadda ta haife ka. Mutumin nan ya ce ya binne ta da hannunsa. Da ranar ta zo, hannun wasu ne ya binne ta.

Wanda uwarsa ke raye, ya je ya gan ta.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya tsare harsunanmu. Allah ya kiyaye mu, amin.